Ƙananan mahar 24 da aka ba ni amana a Jidda

Jibi zan miƙa makullin ɗakin baya, bayan shekara huɗu ina aiki a shagon kifin ado a Jidda. Duk wanda muka yi aiki tare ya san tankin da ke hannun dama in an shigo, inda ake jera mahar. Mahar dai sunan da Larabawa ke kiransu ne, 'yan uwan makankarin koginmu, masu ƙwanso biyu, sai dai waɗannan na teku ne, dangin Tridacna, masu leɓe shuɗi da kore da ruwan zinari. A kansu na ga abin da har yau bai bar raina ba.

A shekarata ta biyu aka kawo mana guda 24, jinsin maxima, na kiwo, da takardunsu na CITES, wato izinin cinikin halittun da ake karewa tsakanin ƙasashe. Kowanne bai wuce santimita 4 ba. Mudir, wato manajan shagon, ya ce in jera su a saman dutse, daf da sabuwar fitila, a ƙure ta, domin a ƙarƙashin shuɗin haske suke ƙyalli, ƙyallin kuma shi ke jawo mai saye. Na ce, "Mudir, kwana biyu suka yi cikin duhun kwali, a bari su fara daga ƙasa." Ya ce, "Ya Muhammad," haka yake kiran kowannenmu, "waɗannan a Bahar Maliya a bakin gaɓa suke, rana na dukansu wuni guda. Haske ne abincinsu." Ya kuma hana a zuba musu koren ruwa, wato ruwa mai ƙananan tsirrai da mahar ke tacewa ya ci, wai yana dusashe gilashi.

Maganarsa da ƙamshin gaskiya, shi ya sa na kasa ja da shi. A cikin leɓen mahar akwai wata gansakuka mai ƙwaya ɗaya, ido ba ya ganinta, ita ke karɓar haske ta haɗa sukari ta ciyar da mai masaukinta. Babban mahar kusan da wannan yake rayuwa, kuma jinsin maxima da na crocea sun fi sauran danginsu son haske. Amma ƙarami daban ne. Ba a haifarsa da gansakukar, daga ruwa yake tsintarta yana ɗan tsako. Leɓensa kaɗan ne, jikinsa na sauri wajen girma, ba shi da ajiyar da zai jure yunwa, don haka abin da yake tacewa daga ruwa yana da muhimmanci a gare shi fiye da babba. Tankinmu kuwa an tsabtace shi fiye da kima. Injin kumfa mai kwashe dattin ruwa na aiki dare da rana, kifi biyu kacal, naitiret, wato takin naitirojin da kashin kifi ke bari a ruwa, sifili. Ita kanta gansakukar tana bukatar naitirojin da fosfet, ga shi mun kwashe su tas. Muka haɗa musu yunwa da ƙuna a lokaci guda. Na san rabin wannan a ranar, na yi shiru saboda ina tsoron bakin aikina.

A kwana na tara suka fara mutuwa. Lafiyayyen mahar, in ka gitta tafin hannu tsakaninsa da fitila, yakan zabura ya ja leɓe, domin yana da ƙananan idanu a gefen leɓen masu jin inuwa. Da safen nan na gitta hannu a kan na farko, bai motsa ba. Launinsa ya koɗe kamar tsohon atamfa, leɓen ya janye ciki, bakin da yake shan ruwa ya wage har ina hango cikinsa. Kafin la'asar warinsa ya cika hannuna. Washegari uku suka bi shi.

Daga nan na yi nawa kuskuren, wanda ba na ɗora wa kowa. Da daddare, bayan an rufe shago, na ce bari in sauko da su ƙasa in cece su. Mahar yana kama dutse da wasu zaruruwa da ke fitowa ta ƙarƙashinsa. Cikin gaggawa na fizgi uku, zaren ya taho da farin nama. Na tsaya da su a tafin hannuna na san na gama da su. Abin da ya kamata shi ne a karkata shi a hankali a sa reza a yanke zaren daf da dutse, ko a ɗauke shi da dutsen gaba ɗaya.

Goma sha tara suka mutu. A gaban mai shago Mudir ya ce sakacina ne. Na ce uku nawa ne, na amsa, sauran kuwa umarni na bi. Ba wanda ya tambayi wa ya ƙure fitila. Aka yanke kuɗin duka 19 daga albashina cikin wata uku, a lokacin da nake tara kuɗin rufin ɗakin mahaifiyata.

Biyar da suka rage aka ce in yi yadda na ga dama da su. Na kai su ƙaramin tanki a ɗakin baya, na ɗora kowanne a kan faffaɗan ɓallin dutse don ya kama abin da za a iya ɗagawa. Na shimfiɗa raga ninki uku a ƙarƙashin fitila, duk mako in cire ɗaya. Na ari ma'aunin haske na PAR, daga wajen 100 na kai su kusan 300 cikin wata guda. Sau uku a mako nakan kashe injin kumfa, in kifa musu gorar roba da na yanke gindinta, in ɗura koren ruwa na Isochrysis da Nannochloropsis da sirinji, a tsarme da ruwan tankin, in bar su kamar minti 20. In ya yi kauri sai su rufe su tofar, kaɗan-kaɗan suke so. Akwai masu kiwo da ke cewa ko ƙarami ba ya bukatar ciyarwa in haske ya isa, kuma na ga hakan ya yi aiki a tankin da ke cike da kifi, inda kashinsu ke ƙosar da ruwa. A tanki irin namu ba zai yi ba. A mako na shida na ɗaga leɓen ɗaya, da idona na ga farin layi siriri a bakin ƙwanson, sabon girma. Na daɗe a tsugune ina kallonsa.

Sauran abubuwan na tsince su a hanya. A gwajin ruwan tanki, kalsiyam ya zauna wajen 420 ppm, alkaliniti wajen 8 dKH, kada su riƙa hawa da sauka. A leƙa ƙarƙashin ƙwanso da tocila da daddare, akwai ƙananan dodon koɗi farare kamar ƙwayar shinkafa masu tsotse su, a goge su da ƙwansu da buroshin haƙori. Kada a haɗa su da kifin da ke tsinken leɓe. Mai farawa ya sayi jinsin derasa, wanda ya kai santimita 8.

An sayar da huɗu daga cikin biyar ɗin. Ɗaya yana nan a tankin hannun dama, ya kai santimita 11, shi Mudir ke nuna wa manyan baƙi. Kuɗina dai ba a mayar mini ba. Jiya na rubuta wa sabon yaron ranakun ciyarwa da yadda ake cire raga, na manna a jikin tankin baya, na kuma bar masa rezata a kan murfin.