Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Yadda na zama yaron makaɗi a Kansas

Makon jiya na tsaya a inda na sauka Manhattan a 1974. Ba ta New York da kuke gani a fim ba, ta jihar Kansas, ƙaramin gari mai jami'a a tsakiyar tuddan ciyawa da suke kira Flint Hills. Duk wanda ya yi Samaru a lokacin ya san hanyar: Jami'ar Kansas State ce ta taya ABU kafa tsangayar likitancin dabbobi, malamanta na zuwa Zariya, mu kuma ana tura mu can ƙaro karatu. Amma yau ba zancen karatu zan yi ba. Zancen Baba Mai Jita zan yi, mutumin da saboda shi Baffa ya yi shekara biyu bai amsa wasiƙata ba.

A ɗakin ƙasan gidansa na kama haya. Dogo ne, ya haura arba'in, kullum da malafa irin ta kaboyi. Da rana yana gyaran tarakta da injin girbi, Juma'a da Asabar kuwa makaɗi ne. Kiɗan kantiri yake yi, irin wanda kuka sani a bakin su Jim Reeves da Don Williams, sai dai shi sunansa bai taɓa wuce Kansas da bakin iyakar Nebraska ba. Su biyar ne: shi da jita da waƙa, mai goge, mai ganga, mai jitar bes, da wani shiru-shiru da ke kwantar da tasa jitar a gabansa yana goga mata guntun ƙarfe, tana kuka kamar mace a gidan makoki. Wannan sautin ne ya fara kama ni.

Ranar da ya gane ba na shan giya, ranar ya miƙo mini makullin a-kori-kurarsa. Ya ce, "Ɗana, mai gogen nan ya taɓa zuba mu a rami. Daga yau kai ne direba." Shi ke nan aikina: tuƙi, sauke lasifika, jan waya, zaman teburin sayar da faifai. A shekarar aka ƙayyade gudu a duk Amurka kada ya wuce mil 55 a awa saboda tsadar mai, don haka garin da za a je a awa biyu sai ya ci uku. A hanya nake yin Magariba a gefen titi, su biyar suna jirana a mota, ba wanda ya taɓa cewa uffan.

To ɗan Gwaggo, wanda kuka sani, yana karatu a wata jiha kusa da mu. Ya zo hutu, na ɗauke shi muka je wani wasa, ya ci ya sha, ya yi tafi. Ya koma ya rubuta gida wai Yaya ya bar karatu ya zama maroƙi, yana bin gidajen giya da wani arne. Amsar Baffa layi uku ce da ajami, na ƙarshen shi ne maganar nan tasa: "Maroƙi ko dokin sarki ya hau, maroƙi ne." Ita ya faɗa mini ina ɗan shekara tara ranar da ya kamo ni ina bin masu kalangu a Tudun Wada, kafin dorina ta biyo baya.

Gidan giya dai mun shiga, ba zan ɓoye ba. Amma yawancin wasanninmu a zauren tsofaffin sojoji ne, da bikin aure, da baje kolin amfanin gona da kowace gunduma ke yi bayan girbin alkama, inda yara ke kawo maraƙin da suka yi kiwo a gwada. A Satumba akwai babban na jiha a Hutchinson. Manyan mawaƙan Nashville, cibiyar kiɗan kantiri, su ke hawa babban dandali da dare, mu kuma ƙaramar rumfa da rana tsaka, kusa da rumfunan dabbobi. Bai taɓa nuna ya damu ba. In ya fara, sai ka ga tsoho da tsohuwa sun miƙe sun riƙe juna suna takawa, jikokinsu na kallo.

Abin da na kasa fahimtar da Baffa shi ne, mutumin nan bai taɓa wasa kowa ba. Ba kirari, ba liƙi. Ana yanka kuɗi tun kafin a taso, a tashi a raba biyar, a cire na mai da nawa. Waƙoƙinsa na fari ne, da bashin banki, da matar da ta tafi, da direban tirela da ya kwana a hanya. An haife shi a shekarun 1930 lokacin da guguwar ƙura ta cinye gonakin yammacin Kansas, kuma ya ce da tsumma jiƙaƙƙe uwarsa ke rufe masa fuska ya yi barci. Bayan ya dawo daga yaƙin Koriya ya samu minti goma sha biyar a wani ƙaramin gidan rediyo da asuba, tsakanin farashin shanu da hasashen yanayi, wani mai sayar da abincin dabbobi na biya. Daga nan manoma suka san muryarsa suna tatsar nono.

Nashville ya je, sau ɗaya, da kuɗin da matarsa ta tara. Ya zaga ofisoshin masu faifai, ya shiga zauren wasa na Ryman ya kalli wasan kantiri na Grand Ole Opry daga kujerar 'yan kallo, shirin da ake watsawa a rediyon WSM tun 1925, ya dawo gida da jitarsa. Shekarar da na je Kansas ne ma aka ɗauke shirin daga Ryman zuwa sabon gini, har Shugaba Nixon ya je ya buga fiyano a wurin buɗewa. Baba ya ce shi dai a tsohon wurin ya so tsayawa, tunda an tashi, burin ya tashi. Faifansa ƙanana ne masu waƙa ɗaya a kowane gefe, da kuɗinsa yake bugowa, kwalayen na jibge kusa da gadona.

Na dawo gida, na yi aure, na yi aikin gwamnati, aka yi ta canza mu daga wannan tasha zuwa waccan. Baffa ya rasu muna shiri, amma maganar bai janye ta ba. Ko a ciwonsa na ƙarshe da rediyo ya sako Shata, sai da ya juyo ya dube ni. Shatan da ABU ɗin da Baffa ke alfahari da ita ta ba digirin girmamawa, shi ma a wurinsa maroƙi ne a kan doki.

Wasiƙun Baba ba su yanke ba. A cikinsu na ji abin da ya sami manomansu: Carter ya hana sayar wa Tarayyar Sobiyat hatsi a 1980, kuɗin ruwa ya haura kashi 20 cikin ɗari, darajar gona ta faɗi, bankuna suka shiga gwanjon gonaki. Mutanen da ya yi wa kiɗa a bikin aurensu, ya tsaya yana kallo ana kaɗa wa taraktocinsu ƙararrawa. A 1985 manyan mawaƙa suka yi gagarumin wasan Farm Aid a Illinois don tara wa manoma kuɗi. Ba a gayyace shi ba, ba a ma san da shi ba. Shi ya yi ta yin nasa a zauren coci da makaranta, kyauta, ana zagayawa da malafarsa. Da zaurukan rawa suka mutu, samari suka koma faifai da talabijin, ya koma gidajen kula da tsofaffi, shi kaɗai da jita, har hannu ya fara rawa. Sama da shekara hamsin yana abu ɗaya a cikin mutane ɗaya. Da ya rasu, 'yarsa ce ta rubuto mini, ta ce cocin bai ɗauki jama'a ba.

Shi kuwa ɗan Gwaggo, yanzu Alhaji ne mai sarauta. Bikin autarsa na je, na zauna a baya. Mawaƙin fiyano ya ɗauko daga Kano, yaron na ta jero sunayen kakanninmu, har da na Baffa, Alhaji na tsaye a tsakiyar fili yana zuba masa sababbin 'yan dubu-dubu a goshi. Da ya zagayo gaisuwa na ce, "Ranka ya daɗe, ashe an koma bin maroƙa." Ya yi dariya ya ce, "Haba Yaya, har yanzu?" Na ce har yanzu. Wasiƙar da ya rubuta tana wurina, Inna ce ta ba ni ita da hannunta kafin ta rasu.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan ba ku labarin ranar da aka kashe Murtala a 1976, da yadda labarin ya same mu a Kansas.