Abin da ke shiga jakar mai zuwa tsibirin Fogo

A Maraɗi idan aka ce tsibiri, abin da ke faɗo wa mutum a rai shi ne ruwa da rana da itacen kwakwa. Shi ya sa da ƙanwata ta ce ita da maigidanta za su tafi Fogo hutun ƙarshen shekara, inda muka taɓa zuwa ni da nawa maigidan, na ce ta kawo kayanta gidana mu shirya tare. Ta zo da atamfofi masu sanyin jiki, da silifa, da ƙaton akwati mai taya. Kusan rabinsu suka koma gida.

Fogo ɗaya ne daga tsibirai goma na ƙasar Kabo Berde, can cikin tekun Atlantika yamma da Senegal. Tsibirin gaba ɗayansa dutse ne mai aman wuta da ya taso daga cikin ruwa, ƙololuwarsa ta kai mita 2829. Babban garin, Sao Filipe, yana ƙasa kusa da teku, inda ake da ɗumi. Gonakin inabin kuwa suna sama, cikin wani makeken kwari da ake kira Cha das Caldeiras, wajen mita 1700 daga tsayin teku. Tafiyar da ba ta kai sa'a biyu a mota ba za ta ɗauke ki daga gumi zuwa rawar ɗari. Wanda ya shirya wa bakin ruwa kaɗai, to dutsen zai ba shi wuya.

Na fara mata da takalmi, don shi ne uban kaya. Ƙasar Cha baƙar tsakuwa ce da toka, sai kuma busasshen narkakken dutse mai kaifi, wanda ke cin roba yana yanka fata. Aman wutar da aka yi daga Nuwamba 2014 zuwa Fabrairu 2015 ya binne ƙauyukan Portela da Bangaeira, kuma har yanzu za ki ga rufin gidaje yana leƙowa daga cikin baƙin dutsen, mutanen sun dawo sun sake gini a kai. A kan wannan ake tafiya. Sai takalmi sau-ciki mai kaurin ƙasa, wanda ya rufe idon sawu, da safa dogaye masu kauri. Wurin 'yan gwanjo na babbar kasuwa ana samunsu da sauƙin kuɗi, tun da ba kowa ke nemansu a garinmu ba. Na ce mata kada ta kuskura ta tafi da shi sabo fil. Ta riƙa sa shi tun yanzu tana takawa daga Bagalam zuwa kasuwa, ko cikin rairayin Gulbi da yamma, har ya saba da ƙafarta.

Masu hawa ƙololuwa da sassafe suke tashi tare da ɗan jagora, kafin rana ta yi ƙarfi, kuma hawan na cin sa'a uku zuwa huɗu. Saukowar ce abin da ba na mantawa. Gangare ne na toka zalla, kina jefa ƙafa tana nutsewa har ƙwauri, tokar na ɗauke ki tana gangarawa da ke. Da muka iso ƙasa kowa ya zauna ya cire takalmi yana zazzage baƙar tsakuwa, 'yan yatsu sun yi baƙi ƙirin. Wanda ya tura bakin wandonsa cikin safa shi ya fi samun sauƙi.

"Yaya, to hijabina fa?" ta tambaye ni.

Na ce ta tafi da dogon don gari da salla. A kan dutse iska na da ƙarfi, dogon hijabi na kumbura yana jan mutum, bakinsa kuma na maƙalewa a dutse daidai inda ake bukatar hannu biyu. Ni wando mai faɗi na sa, da riga mai dogon hannu da ta sauko gwiwa, da ƙaramin hijabi da ke tsayawa a ƙirji. Suturata ta cika, ƙafata kuma ta samu sakewa. A kai na ɗora malfa mai igiya, irin ta manomanmu, saboda ranar sama tana ƙuna ko da jiki na jin sanyi. Sai tabarau, da ɗan gwangwanin man kaɗanya don leɓe da dunduniya.

Rigar sanyi kuwa ba ta da madadi. Da rana ta faɗa bayan bangon dutsen da ya kewaye kwarin, sanyi ke sauka nan take, kuma a watan Disamba daren Cha ya fi asubahin hunturun Maraɗi cizo. Riga mai kauri ɗaya, da wata marar nauyi mai tare iska, da hular sanyi ga maigida. A haɗa da tocila da batirin cajin waya, domin wutar can sama ta hasken rana ce ko ta janareta. Kan caja ba matsala, mai ƙafa biyu zagayayyu ne.

Maganar inabi ta sa maigidanta ya ɗan yi jim, don ya ji cewa giya ake yi da shi. Gaskiya ne, manoman Cha da giyar aka san su, kuma za a miƙo maka ita cikin karamci. Mu dai mun ce mun gode, ba ma sha, ba wanda ya ɓata rai. Gonar kanta ta isa a je dominta. Ba a kafa wa kurangar sanda ko rumfa. Kowace na zaune ita kaɗai cikin ɗan rami a baƙar toka, ta baje a ƙasa, ganyenta kore shar, a wurin da za ki rantse ko ciyawa ba za ta fito ba. A gefe ga rumman, ga ɓaure, ga tuffa. Duk wanda ya tashi gidan manoma a ƙasa mai ƙarancin ruwa, zai tsaya ya daɗe yana kallon wannan aiki da girmamawa. Sai dai na faɗa musu gaskiya: nunan inabi wajen Yuli ne, su da za su je ƙarshen shekara ba za su tsinka su ci ba. Abin da za su samu shi ne cukun akuya da gahawar da ake nomawa a yankin Mosteiros, don haka a bar musu wuri cikin jaka saboda tsaraba.

Ruwa a Cha abu ne mai daraja, na sama ake tarawa a tanki. Ƙaramar buta ta roba ta wadatar, kuma a yi alwala da tattali. A sa siririyar sallaya mai naɗewa. Yawancin mutanen ƙasar Kirista ne 'yan Katolika, ni ban ji kiran salla ba duk zamana a Fogo, waya ce ke nuna mana lokaci da alƙibla. Agogonsu na bayan namu da sa'a biyu. Abincinsu na yau da kullum kashupa ne, masara da wake da aka dafa tare har suka yi laushi, mai daɗi ƙwarai, amma sau da yawa da naman alade a ciki. Na rubuta mata "sem carne de porco" a 'yar takarda ta riƙa nunawa, ko kuma ta nemi kifi, wanda ba ya yankewa a Sao Filipe. Daga gida ta ɗauki yaji, da dabino, da ƙuli-ƙuli don guzurin hawa. Kilishi na ce a bar shi, nama na jawo tambayoyi a iyakokin ƙasashe.

Bakin ruwa bai ci wuri da yawa a jakar ba. Rairayin da ke ƙarƙashin Sao Filipe baƙi ne, da tsakar rana ba ya takuwa ba takalmi, nan ne silifa ke da amfani. Igiyar ruwansa na da ƙarfi sosai, kuma mu da yawancinmu ba mu iya iyo ba, kallo ya ishe mu. Mai son tsoma jiki ya je Ponta da Salina, inda duwatsu suka tare ruwan. Kada a shiga da zane, yana jiƙewa ya yi nauyi ruwa ya fizge shi. Wando da riga masu saurin bushewa sun fi.

Akwatin mai taya shi ma ya koma. Titunan Sao Filipe da duwatsu aka shimfiɗa su, ga hawa da gangara, kuma motocin hiyas da ke zuwa Cha ba su da wurin ƙaton kaya. Jakar goyo ɗaya kowa, da ƙarama ta hannu mai fasfo da katin rigakafin shawara, wanda ba a wasa da shi ga mai fitowa daga Nijar. Su canja sefa zuwa Yuro tun a Yamai. Kuɗin can eskudo ne, Yuro ɗaya na ba da kusan 110, wato eskudo ɗaya ya ɗan ɗara dalar sefa (sefa biyar). A Cha kuɗin hannu ake karɓa, sai a ciro isassu tun daga gari.

Na kuma roƙe su kada su matse ranar dawowa. Hazon hunturu da ke rufe mana gari yana ƙetara teku har can, kuma yakan hana ƙaramin jirgin da ke tsakanin Fogo da Praia, babban birnin ƙasar, tashi. Idan haka ta faru sai jira, ko jirgin ruwa na kusan sa'a huɗu a teku mai tangaɗi. Saboda haka na sa ta sayi maganin amai a farmasi, na ce kuma su bar kwana ɗaya ko biyu a Praia kafin jirginsu na Dakar.