Haɗa rufaffiyar manhaja cikin ƙunshin Linux: inda ake samun cikas

Idan za ka haɗa ƙunshi (package) na manhajar da kamfani ya riga ya gina, kamar Vivado ko kayan J-Link na SEGGER, ya kuma riƙe asalin rubutunta (source code), to ba ka da ikon sake gina ta. Aikinka shi ne ka shirya mata muhallin da take tsammanin samu, ka kuma rage taɓa ta iya gwargwado.

Fara da lasisi. Idan ya yarda a sake rarrabawa, Debian, ɗaya daga tsarukan Linux, na da sashen non-free don irin wannan. Idan bai yarda ba, ƙunshin ya ɗauki umarni kawai: PKGBUILD, wato fayil ɗin umarnin haɗa ƙunshi na Arch Linux, ya sauko da fayil daga kamfanin ya tantance shi da sha256, lambar da ke tabbatar da cewa fayil bai canja ba. A Nix, manajan ƙunshi na NixOS, kuma akwai requireFile, ga fayil ɗin da sai mutum ya shiga asusunsa kafin ya samu.

Daga nan ka gudanar da readelf -d ka duba layukan NEEDED, waɗanda ke lissafa laburaren da manhajar ke buƙata, wato fayilolin .so da take dogara da su. Ya fi ldd, mai irin wannan aiki, aminci, domin ldd na iya tayar da manhajar da ba ka san cikinta ba. Amma jerin nan bai cika ba. Duk laburaren da ake kira ta dlopen, wato ana tsakiyar aiki, ba zai fito ba, sai ka kunna manhajar ƙarƙashin strace -e openat ka ga abin da take nema ta rasa.

Tsofaffin laburare ne suka fi wahalarwa. Wata manhajar tana son libtinfo.so.5, wata libssl.so.1.1, alhali an daina tallafa wa OpenSSL 1.1.1 a Satumbar 2023. Mutane kan yi mahaɗa (symlink) mai ɗauke da tsohon suna da ke nuna sabon laburaren. A ganina wannan kuskure ne babba: lambar da ke ƙarshen sunan ta canja ne saboda tsarin cikin ya canja, don haka manhajar za ta iya tashi lafiya, sannan ta faɗi ana tsakiyar aiki. Gara a ajiye tsohon laburaren a ƙarƙashin /opt kusa da manhajar, a nuna mata shi da patchelf --set-rpath, kada ya shafi sauran tsarin. Saƙon da ke cewa ba a samu GLIBC_2.34 ba kuwa yana nufin an gina ta a kan glibc, babban laburaren tsarin, da ya fi naka sabunta, kuma kwantena, wato keɓaɓɓen muhalli mai nasa laburaren, ta fi sauƙi a nan.

NixOS na da nata matsalar, domin ainihin mai loda manhaja ba ya zaune a /lib64, inda irin waɗannan manhajoji ke nemansa. Ana gyarawa da autoPatchelfHook, ko buildFHSEnv idan manhajar na bincikar ko an taɓa ta.

A kashe strip, mai rage girman fayil ta cire wasu bayanai, da !strip a Arch ko dontStrip a Nix, domin yakan lalata fayilolin da aka liƙa wa bayanai a ƙarshe. A kashe sabunta kai, tunda fayilolin na hannun manajan ƙunshi. Kayan da ke magana da na'ura ta USB kuma suna buƙatar dokar udev, mai kula da izinin na'urori, a /usr/lib/udev/rules.d, in ba haka ba sai root, mai cikakken iko a tsarin, kaɗai zai iya amfani da na'urar.