Kek, gahawa da furen bado: kwana biyar a Faris

Ni mutumin Damagaram ne, da dogon burodin nan na Faransawa na tashi. Tun muna yara ake tsaga shi da safe a shafa bota a kora da shayi. Shi ya sa da na kai wa 'yar ƙanwata ziyara a Faris, inda take karatu, na ce mata abu biyu nake so in gani da idona: inda ake toya wannan burodi da danginsa, da kuma zane-zanen da muke gani a littattafan makaranta.

Ranar farko haɗama ta ja ni. Na rubuta shaguna shida da gidajen tarihi biyu a takarda, na ce sai mun gama su kafin magariba. Kafin la'asar zaƙi ya gundure ni, ƙafafuna sun yi tsami, kuma da aka tambaye ni me na gani a gidan tarihin Orsay, wanda asalinsa tashar jirgin ƙasa ce da aka gina a 1900, babban agogon nan kaɗai na iya tunawa. Da dare ta ce, "Kawu, gobe kek ɗaya, zane ɗaya. Sauran lokacin mu zauna." Na bi shawararta, kuma daga nan tafiyar ta yi daɗi.

Washegari muka nufi titin Montorgueil, shagon Stohrer, wanda aka buɗe a 1730 kuma ake ɗaukarsa mafi daɗewa cikin shagunan kek na birnin. Ɗan ƙaramin wuri ne, bango da rufi duk zane. A cikin gilashi na hango wani kek mai sheƙi, ya jiƙe sharkaf kamar an tsoma shi a zuma. Har na ɗaga yatsa zan nuna, sai ta riƙe mini hannu ta ce, "Kawu, wannan baba au rhum ne, da giya ake jiƙa shi." Ashe shi ne ma abin da shagon ya yi suna da shi. Tun daga ranar ban ƙara nuna kome ba sai na gaida mai shago, sannan na tambaya: akwai giya a ciki? Akwai jelatin? Jelatin ɗin nan da ke sa kirim ya tsaya cak, sau da yawa daga fatar alade ake samunsa. Babu wanda ya ɓata rai don na tambaya. Wata mai shago ma har ta shiga ciki ta tambayo mai tuyar. Abin da suke jin haushinsa shi ne ka shigo babu gaisuwa, kuma a nan ban ga laifinsu ba, mu ma ba ma shiga gidan mutane babu sallama.

Gahawa kuwa, in ka ce a ba ka, ɗan kofi ne za a kawo, kurɓa biyu ya ƙare. A wurare da yawa in ka sha a tsaye gaban kanta ya fi araha, in ka zauna a kujerun waje kuɗin ya ƙaru. Da farko na ga kamar cuta ce. Daga baya na gane kuɗin kujera ake biya, don da wannan ɗan kofin za ka yi awa guda kana kallon masu wucewa, babu mai ce maka tashi. Ruwan famfo a tulun gilashi kyauta ne in ka roƙa.

Rana ta uku ce ba zan manta ba. Mun fara da Angelina a titin Rivoli, gidan shayin da ke nan tun 1903. Cakulan mai zafi da suke kira L'Africain ya yi kauri kamar kunun gyaɗa, ana kawo shi a ɗan tulu da kirim a gefe. Mutum biyu muka raba ɗaya kuma ya ishe mu. Daga nan muka ratsa lambun Tuileries da ƙafa zuwa gidan zane na Orangerie. Ɗakuna biyu ne masu siffar ƙwai, an zagaye bangonsu da manyan zane takwas na Bafaranshen mai zane Claude Monet, waɗanda aka buɗe wa jama'a a 1927, 'yan watanni bayan rasuwarsa. Da na matsa kusa, shafe-shafen fenti kawai na gani, shuɗi a kan kore, kamar an goge hannu. Da na ja baya na zauna a bencin tsakiya, sai ruwa ya bayyana, gajimare na kwance a cikinsa, furanni na yawo a sama. Na ce mata, ai wannan bado ne! Shi ne dai wanda ke rufe tafkunanmu bayan damina, wanda muke kutsawa cikin ruwa muna cirowa muna yara. Mutumin nan ya haƙa tafki a gidansa na Giverny, ya shafe shekaru kusan 30 yana zana abin da ni na wuce sau dubu ban tsaya na kalla ba. Mun fi minti arba'in a zaune. Ku lura, ba a buɗe wannan gida ran Talata, Orsay kuma ran Litinin.

Ran Jumma'a muka yi salla a Babban Masallacin Faris, wanda aka buɗe a 1926. A gefensa akwai gidan shayi a tsakar gida mai inuwa, bangonsa da ƙananan tayil masu launi irin na Maroko. Aka kawo shayin na'ana'a a 'yan kofunan gilashi da kayan zaƙi na zuma da almon, tsuntsaye na sauka kan tebur suna tsintar ɓurɓushi. A nan ban tambayi kowa abin da ke cikin kek ba.

Da za mu koma gida muka tsaya wani ƙaramin gidan burodi na unguwarsu, ta ce a ba mu baguette tradition. Dokar 1993 ce ta hana zuba masa sinadaran ƙari, ginshiƙinsa fulawa ne da ruwa da gishiri da yis. Da zafinsa aka miƙo shi a takarda, ɓawon na ƙara a hannuna. Kafin mu kai ƙofar gida mun cinye rabi, sai da muka koma muka sayo wani.