Akwatin "Hisfanik" ya daina aiki: yadda muka cike takardun wata ɗaliba zuwa manyan jami'o'in Amurka

Duk lokacin da na zauna da iyaye za mu cike takardun neman jami'a, tambayar farko ɗaya ce: "Tunda 'yarmu Hisfanik ce, ba za a ɗan sassauta mata ba?" Hisfanik su ne waɗanda asalinsu ya fito daga ƙasashen da ke magana da Sifaniyanci, irin su Meziko, Guatemala da Kuba. Amsar da nake ba su ba ta yi musu daɗi. Tun ranar 29 ga Yunin 2023, da Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci a kan Harvard da Jami'ar North Carolina, jami'a ba ta da ikon fifita ɗalibi saboda launin fatarsa ko asalinsa kawai. Akwatin nuna asali da ake yi wa alama a Common App, fom ɗin intanet da ake neman jami'o'i da yawa da shi, yana nan, amma jami'o'i da dama sun ɓoye shi daga idon masu tantancewa.

Hukuncin bai taɓa kowace jami'a iri ɗaya ba. A ajin farko da jami'ar MIT ta ɗauka bayansa, Hisfanik sun sauko zuwa kashi 11 cikin 100 daga kusan 16. A Harvard kuwa sun haura daga 14 zuwa 16. Don haka wanda ya ce maka ga adadin damarka saboda kai Hisfanik ne, shaci-faɗi yake yi. Amma Babban Alƙali John Roberts ya bar ƙofa ɗaya a buɗe: ɗalibi zai iya rubuta yadda asalinsa ya shafi rayuwarsa, jami'a kuma ta duba abin da hakan ya gina a halinsa. Ta wannan ƙofar muka bi da wata yarinya daga kudancin Texas, mahaifinta mai aikin rufin gidaje, mahaifiyarta mai aikin shara a otal.

A watan Agusta muka fara da jerin jami'o'i. Yawancinsu suna wallafa wata takarda mai suna Common Data Set. Sashen C7 yana nuna abin da suke ba muhimmanci, C9 kuma makin waɗanda suka ɗauka. Jami'ar da ke ɗaukar kusan kashi 4 cikin 100 na masu nema, kamar Harvard, babu wanda zai sa ta a lissafin tabbas, komai ƙoƙarinsa. Muka zaɓi 12: huɗu masu tsananin wuya, biyar matsakaita, uku da muka san za ta samu. Dokar Texas ta 1997 ta taimaka a nan, domin ta ba wanda ya fito cikin kashi 10 na saman ajinsa gurbi kai tsaye a jami'o'in jihar, ko da yake Jami'ar Texas ta Austin tana matse nata ma'aunin fiye da haka.

Makinta na SAT, jarrabawar neman shiga jami'a, 1410 ne cikin 1600, kuma ta so ta ɓoye shi, don ta ga na yawancin waɗanda manyan jami'o'in ke ɗauka ya haura 1500. Na hana ta. Da jami'ar Dartmouth ta dawo da wajabta jarrabawar a 2024, ta bayyana cewa 'ya'yan marasa ƙarfi suna ɓoye makin da da sun nuna shi da ya taimake su. Ana auna maki ne da makarantar da mutum ya fito. 1410 daga makarantar da 'yan kaɗan ke kaiwa nan yana da nauyi. Sai dai masu tantancewa ba za su san haka ba sai jami'in ba da shawara na makarantar ya aika takardar bayanin makaranta. Muka roƙe shi ya rubuta ƙarara yawan darussan AP (darussa masu matakin jami'a da ake yi a sakandare) da ake koyarwa a can, don a ga ta ɗauki kusan duka.

Inda aka fi yin asara shi ne sashen ayyuka. Gurabe goma ne, kowanne da bayani na haruffa 150. Ta cike biyu kacal, ta ce ba ta da wani abu. Na ce ta faɗa mini yadda ranar Talatarta take, daga asuba zuwa dare. Ashe ita ke ɗauko ƙannenta biyu daga makaranta, ta dafa, ta duba musu aikin gida, wajen sa'o'i 15 a mako. Asabar da Lahadi tana aiki a shagon abinci. Ita ce kuma tafintar gidan a asibiti da wurin mai haya. A ganinta wannan ba "aiki" ba ne, zaman gida ne. Common App kuwa yana da rukuni na musamman don ɗawainiyar iyali. Muka rubuta kowanne da sa'o'insa da makonninsa.

Maƙalar ba ta wuce kalmomi 650. Rubutunta na farko ya yi maganar alfahari da al'ada da girkin kaka, abin da dubban ɗalibai za su iya sa wa hannu. Na uku ne ya zauna. Tana da shekara 11 likita ya faɗi wata kalma game da ciwon mahaifinta, ba ta san ta da Sifaniyanci ba, ta yi shiru, mahaifin yana kallon bakinta yana jira. Daga ranar ta buɗe littafi tana tara kalmomin asibiti cikin harsunan biyu, har ya kai maƙwabta suna zuwa aro. Ba ta rubuta "ni Hisfanik ce" ko sau ɗaya ba, kuma duk mai karatu ya gane.

Kuskurena shi ne QuestBridge. Shirin yana haɗa ɗalibai masu ƙoƙari daga gidaje marasa ƙarfi da manyan jami'o'i a kan cikakken tallafin shekara huɗu, kuma ana rufe shi a ƙarshen Satumba. Mun waiwaye shi wasiƙun malamai ba su kammala ba, lokaci ya ƙure. Yanzu tun kafin hutun bazara nake sa a nemi wasiƙun. Early Decision, wato neman jami'a ɗaya da wuri bisa sharaɗin shiga in an ɗauke ka, shi ma mun bar shi. Ana rufe shi galibi 1 ga Nuwamba, kuma alkawari ne mai ɗaurewa, alhali gidan yana bukatar ya kwatanta tayin kuɗi.

Takardun kuɗin sun fi komai cin rai. FAFSA, takardar neman tallafin karatu na gwamnatin tarayya, tana bukatar a ƙalla ɗaya daga iyaye ya buɗe asusunsa. Wanda ba shi da lambar Social Security, lambar shaida da gwamnatin Amurka ke bayarwa, zai iya buɗewa, amma tabbatar da shi yakan ɗauki lokaci, don haka a fara da wuri. Sai matsalar suna. Yawancin Hisfanik suna da sunan dangi biyu, na uba da na uwa. Mahaifinta ya rubuta ɗaya a asusunsa, ita ta gayyace shi da biyun, na'ura ta ƙi haɗa su, muka yi mako biyu muna neman dalili. A rubuta suna harafi da harafi iri ɗaya a ko'ina, har a rajistar SAT. Manyan jami'o'i masu zaman kansu suna ƙara neman CSS Profile, wadda ke tambayar gida da kadara, da bayanin uba ko uwar da ba sa zaune tare da ɗalibin idan iyaye sun rabu.

Zuwa ƙarshen Maris, uku cikin huɗun masu wuya sun ƙi ta, ɗaya ta ɗauke ta. Muka shimfiɗa wasiƙun tayi a kan tebur, muka ja layi a ƙarƙashin duk abin da bashi ne, domin wasu jami'o'in suna cusa shi cikin jimillar "tallafi". Da muka cire bashin, jami'ar mai zaman kanta da ta ɗauke ta ta fi ta jiha sauƙi ga gidan. Ta aika amsarta kwana uku kafin 1 ga Mayu, ranar ƙarshe ta karɓar tayi.