Na zana daular Mongol da toka a filin ƙwallo

Shekara bakwai ina koyar da tarihin Musulunci a wata sakandaren Islamiyya, kuma duk tsawon lokacin labarin Mongol, waɗanda malamanmu suka fi sani da Tatar, bai taɓa wuce layi uku a allona ba. Sun fito daga gabas. A 1258 Hulaku, jikan Jengis Khan, ya ci Bagadaza, ya kashe Halifa Musta'asim. A 1260 sojojin Masar suka karya su a Ain Jalut. Ɗalibai su kwafa, mu wuce.

Bara, sati biyu kafin hutu, wata yarinya da ke zama a layin baya ta ɗaga hannu. "Malam, in dai haka suka yi wa Musulmi, yaya aka yi jikokinsu suka zama Musulmi? Wa ya je ya kira su?" Na ce mata Allah ne mai shiryarwa. Gaskiya na faɗa, amma ita hanyar da shiriyar ta bi take tambaya, kuma wannan aikin malamin tarihi ne. Tambayar ta bi ni har gida. Hutun nan gaba ɗaya a kanta na ƙarar da shi, ina karatu ina rubuta sunayen garuruwa a bayan tsohuwar rajista. Da sunayen suka haura ashirin na ga allo ba zai ɗauke su ba.

Da aka dawo sai na fitar da ajin filin ƙwallo. Na roƙi toka buhu guda a wurin masu dafa wa ɗalibai abinci, muka tattaro duwatsu, na sayo igiyar rama. Ragar gabas ta zama Khanbalik, wato Beijin ta yau, ragar yamma ta zama Alƙahira. Tsakaninsu muka jera duwatsu: Otrar, Samarƙand, Bukhara, Tabriz, Bagadaza, can arewa kuma Sarai a bakin kogin Volga da Kaffa a gaɓar Bahar Aswad. Lokacin hunturu ne, kafin la'asar iska ta share mana rabin Asiya. Washegari muka dama tokar da ruwa, muka zuba ta da buta, ta zauna.

Na fara da ayari. A 1218 Jengis Khan, wanda ya kafa daular Mongol, ya tura fatake kimanin 450 zuwa ƙasar Khuwarizm a Asiya ta Tsakiya, kuma Musulmi ne. Da suka sauka a Otrar, gwamnan garin, Inalchuk, ya ce 'yan leƙen asiri ne, ya sa aka kashe su, aka kwashe kayansu. Jengis ya aika a miƙa masa gwamnan, Sarki Muhammad na Khuwarizm ya ƙi, har aka kashe ɗaya daga cikin manzannin. Na tsayar da yara goma a kan dutsen Otrar da jakunkunansu a ka, na ce su zauna ƙasa. Ajin ya yi tsit. Wani ya ce, "Malam, ke nan Musulmi ne ya kashe Musulmi, kafiri ya zo ɗaukar fansa?" Na ce haka abin ya faro, amma kada wanda ya ɗauki wannan a matsayin uzuri. Bukhara da Samarƙand sun faɗi a 1220, Marw da Naisabur a 1221, an karkashe mutanen da ba su san ma an yi wani ayari ba, an kore masu sana'a gabas kamar tumaki, magudanan ban ruwa da aka yi ƙarnuka ana gyarawa suka lalace. Na daɗe a nan da gangan, don na san abin da zai biyo baya yana da daɗin ji, kuma ba na son daɗin ya rufe jinin.

Mongol makiyaya ne. Sun iya doki da baka, amma ba su saƙa alharini, ba su da al'adar riƙe littafin haraji. Suna son kaya, don haka suna son falke. 'Ya'yan sarauta da matan fada kan ba ɗan kasuwa azurfa ya juya a raba riba, ana kiran irin wannan ɗan kasuwa ortok. Ban gama bayani ba wani yaro da mahaifinsa ke da shago a Kantin Kwari ya ce, "Ai wannan ubangida ne ya ba yaronsa jari." Shi ke nan, ban ƙara komai ba. Akwai kuma faiza, wani ɗan allo na katako ko azurfa ko zinariya da ake rataya wa manzo ko babban falke, duk inda ya nuna shi a ba shi hanya da masauki. Muka yanka namu da kwali. Sai zangunan da suke kira yam, inda ɗan aike ke sauke dokin da ya gaji ya hau sabo. Na sa yara tsere, wasu da karɓa-karɓa, ɗaya shi kaɗai daga raga zuwa raga. Wanda ya yi gudun shi kaɗai ya fi kowa gane amfanin yam.

Su wa ke riƙe da jarin da alƙalamin? Da yawansu Musulmi ne daga garuruwan da aka rusa. Mahmud Yalawach ɗan Khuwarizm ya yi wa Mongol mulkin biranen Asiya ta Tsakiya, daga baya aka kai shi arewacin Sin. Sayyid Ajall, wanda asalinsa Bukhara ne, Kublai Khan, jikan Jengis da ya mulki Sin, ya naɗa shi gwamnan Yunnan, wani lardi a kudu maso yammacin Sin, a 1274, kuma har yau akwai Musulmi masu yawa a lardin. Labarin da ya fi kama ɗalibaina shi ne na yanka. A 1280 Kublai ya fusata don wasu baƙi Musulmi sun ƙi cin naman da ba su suka yanka ba, ya hana yanka irin na Musulunci a ƙasarsa. Fatake suka rage zuwa, kuɗin shiga ya faɗi, a 1287 aka janye dokar.

Nan ne na yi kuskurena mafi girma. Labarin ya yi mini santsi, na fara cewa fatake ne suka musuluntar da Mongol, kamar addini wani ƙunshi ne da ake saukewa daga raƙumi. Akwai wani dattijon malami da ke koyar da fiƙihu, kullum yana zaune gindin darbejiya yana kallonmu. Ranar ya kira ni gefe. "Malam, falke yakan kwana uku ya wuce. Wa ke zama ya koya wa mutum alwala?" Na ce, "Allah gafarta Malam, gobe zan gyara." A daren na koma takarduna, na ga amsar tana ciki, ni ne na tsallake ta. Shehu Najmuddin Kubra ya rasu a hannun Mongol a Urganj a 1221. Almajirinsa Saifuddin Bakharzi ya zauna a Bukhara bayan an rusa ta, ya ci gaba da karantarwa, kuma da shi ake danganta musuluntar Berke, jikan Jengis, wanda ya mulki yankin Volga daga 1257 zuwa 1266. Na sa yaro ɗaya ya zauna a kan dutsen Bukhara da allo a hannu, na ce duk ayarin da zai wuce ya wuce, shi kada ya tashi. Ga aure, ga maƙwabtaka, ga rundunar da yawancinta Turkawa ne da suka daɗe da sanin Musulunci. Lokacin da Ghazan, sarkin Mongol na zuriyar Hulaku, ya musulunta a Farisa a 1295, da yawa daga sojojinsa sun riga shi. Uzbek Khan ya hau mulki a Sarai a 1313, a zamaninsa Musulunci ya kafu a fadar arewa. Na lura sarakunan nan sau da yawa binsu suka yi a baya, talakawa na gaba.

Igiyar da ta fi yi mini nauyin shimfiɗawa ita ce wadda ta taso daga dajin arewacin Bahar Aswad, ta bi ta Kirimiya da Kustantiniya ta sauka Iskandariya. Bayi ake bi da su ta nan. Yaƙin Mongol ya tarwatsa ƙabilun Turkawan Kifcak, aka riƙa sayar da 'ya'yansu maza, Masar tana saye tana mayar da su sojoji. Baibars, wanda ya yi yaƙi tare da Sarki Ƙutuz na Masar a Ain Jalut sannan ya zama sarkin Masar, yana cikin yaran nan. Da na ambaci sunansa ajin ya ɗauki kabbara. Na bari suka gama, sannan na ɗauko mafi ƙanƙanta a cikinsu, na riƙe hannunsa muka bi igiyar a hankali daga farko, na ce su tuna yaro ne aka raba da uwarsa aka yi cinikinsa. Daga baya Baibars ya ƙulla zumunci da Berke, don Berke na yaƙi da ɗan'uwansa Hulaku tun 1262, kuma hanyar bayin ta ci gaba da aiki. Ban ɓoye musu cewa shahada ba ta kashe yaƙi ba: Ghazan yana Musulmi ya kai hari Sham a 1299, ya shiga Dimashƙa, har Ibn Taimiyya ya fita cikin tawagar malamai ya same shi yana nema wa mutanen gari aminci.

Kuɗin takarda mun taɓo shi a gurguje. A 1294 aka kwaikwayi na Sin a Tabriz, 'yan kasuwa suka ƙi karɓa, kasuwa ta mutu, cikin ɗan lokaci aka janye shi. Yaran da suka ga layin banki a farkon 2023 ba su nemi ƙarin bayani ba.

Babbar annobar ƙarni na 14 kuwa da baƙin tukunya na nuna ta. Na shafa shi a tafin yaro ɗaya a Kaffa, inda cutar ta bayyana a 1346, na ce kowa ya ci gaba da ciniki yana gaisawa. Kafin minti biyar baƙin ya isa Iskandariya, kamar yadda ta isa a 1347, ya kuma isa Dimashƙa.

A Dimashƙa muka haɗu da Ibn Battuta, matafiyin nan ɗan Tanja ta Maroko, wanda ya ga annobar da idonsa a can a 1348. Yarinyar da ta yi tambayar farko na ba ta tafiyarsa. Ta tashi daga Tanja a 1325, ta je fadar Uzbek Khan, ta gangara Delhi, ta tsallaka tsibiran Maldib inda ake tsamo wuri daga teku. Da ta dawo yamma sai filin ya ƙare, don a 1352 ya keta Sahara zuwa Mali. Muka fita ta ƙofar makaranta, muka ajiye dutsen Takedda a bakin titi. Garin yana yankin Agadas a Nijar ta yau, kuma ya ce ana kai tagullarsa Gobir da Barno. Ya kuma ga wurin nan na Maldib ana ciniki da shi a Mali da Gawo, 1,150 a dinari guda. Na gaya musu ƙarara cewa kofaton dokin Mongol bai taɓa taka ƙasarmu ba, Musuluncin Kano ta hannun Wangarawa ya ƙarfafa a zamanin Sarki Yaji. Abin da ya haɗa mu da wancan filin shi ne wurin da kakanninmu suka ƙirga, wanda har yau sunansa ke bakinmu in mun ce ba mu da ko wuri.

Da na zauna duba takardun jarrabawa na ga giɓin da na bari. Kusan kowa ya rubuta kamar duk inda Musulunci ya je a ƙarnin nan ta kan hanyar Mongol ya bi. Ni na jawo, don ban zana teku ba. Kabarin Sultan Malik al-Salih na Samudra Pasai a Sumatra yana ɗauke da shekarar 1297, kuma jiragen ruwa ne suka kai addini can, daga Aden da Hurmuz da gaɓar Indiya, suna bin iskar da ke juyawa sau biyu a shekara. Na riga na sayo shuɗiyar igiya ta roba saboda zango mai zuwa, na kuma nemi izinin amfani da fegin da ke kudu da filin, inda ake shanya kayan ɗalibai, don nan Tekun Indiya zai zauna.