Rakiyar ƙanwata daga Yawuri zuwa Birnin Kebbi

Jiya da dare muka dawo. Ƙanwata ta daɗe da ciwon kai, ga ƙara a kunne mai tafiya da bugun zuciya, in ta sunkuya sai ganinta ya ɗauke na ɗan lokaci. A gida har an fara cewa iska ce.

Hanyar Koko ba abin faɗi. A Jega direba ya tsaya lodin albasar Aliero, ya cusa buhu har ƙarƙashin ƙafafunmu, kuma ko sisi bai rage mana ba.

Da muka isa asibiti a Birnin Kebbi, mai ba da kati ko ɗago kai bai yi ba. "Malam, nan ba tasha ba ce, koma baya!" A Yawuri ko kwale-kwale za ka shiga, sai an gaisa tukuna.

Likitar ce ta wanke mana zuciya. Ta haska idon yarinyar, ta ce jijiyar gani ta kumbura. Hoton kai ya fito babu ƙari. Da aka ɗebi ruwan da ke zagaye ƙwaƙwalwa ta ƙashin baya, matsinsa ya haura santimita 25 a ma'auni, wato ya wuce ƙa'ida: ciwon ke nan, matsin ruwa ya yi yawa a cikin kai. Ta ce ƙwaƙwalwa kashi 2 cikin 100 ce ta nauyin jiki, amma tana cin kusan kashi 20 na iskar oksijin, shi ya sa jini ba ya yanke mata. Kullum kuma tana samar da ruwa kusan rabin lita, wanda ke bin jijiyoyin jini ya fita. A yawancin masu wannan ciwo, manyan jijiyoyin jini na ƙeya sun tsuke, ruwa ya taru, ƙoƙon kai kuwa ba ya buɗewa. Ko tsukewar ce ke jawo matsin, ko matsin ne ke tsuke su, likitoci na kan muhawara.

"Yaya, in aka yi sakaci, idon ne zai tafi," in ji likitar. Ta rubuta Diamox, maganin rage ruwan, ta ce a rage ƙiba, don ciwon ya fi kama mata matasa masu jiki. Ka ji fa, mu da Inna ke murna 'yarta ta yi kyau!

Wata Hajiya mai jinyar jikarta ta kai mu gidanta muka kwana, tuwon shinkafa har da ƙari, ta ƙi karɓar komai. Kifin garin kam, tsada ba daɗi.

Dawowa motar ta yi faci kusa da Koko. Wata mai zuwa za mu koma awon ido.